Takardun da Muka Gada a Birnin Damagaram

A gidanmu da ke cikin Birni, a Damagaram, ba a taɓa yin gardama a kan asali ba. Tun muna yara ake gaya mana cewa mu Barebari ne, kakan kakanmu malami ne da ya baro Kukawa sa'ad da Rabe ya ci Barno, ya iso da Alƙur'aninsa a rataye, sarki ya ba shi fili kusa da ganuwa, ya auri 'yar wani limami, daga nan zuriya ta yaɗu. Ana faɗar wannan labari ranar suna, ana faɗarsa idan an zo neman aure, maroƙa ma sun haddace shi, kuma haka na miƙa shi ga 'ya'yana. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda takardun da muka gada suka gaskata wani ɓangare na labarin, suka gyara wani, suka kuma fito da wata mata da aka cire daga lissafi fiye da shekara ɗari. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin zuriyar tana da yawa, kuma ba dukkanmu ne muka yarda a yi maganar a fili ba.

Bayan rasuwar mahaifina, malaman da suka zo rabon gado sun yi wa gida da gona da 'yan dabbobi kuɗi, amma da aka zo kan wata tsohuwar adaka ta ƙarfe da ke ƙuryar soro, sai gwaggona ta ce tun zamanin iyayensu ba a raba ta, ana dai damƙa ta ne a hannun mutum ɗaya ya riƙe wa kowa. Da yake ni ne na haɗa lakwal, wato boko, da makarantar allo, kuma aikin koyarwa nake yi, sai aka ba ni makullin. A ciki akwai gafaka biyu, ɗaya cike da Alƙur'ani rubutun hannu, ɗayar kusan wofi. Akwai ƙunshin takardun Larabci da aka ɗaure da igiyar fata. Akwai ambulan ɗauke da takardun zamanin Faransawa. Sai kuma wata batta ta fata da ba a taɓa nuna wa mazan gidan abin da ke cikinta ba. Gara ta riga ta ci kusurwa ɗaya ta ƙunshin, kuma ruwan wata damina ya bar tabo a kan ganyayen da ke ƙasa.

Na fara da abin da nake iya karantawa da kaina, wato takardun Faransanci, na riƙa komawa baya. Ba su da yawan magana. Akwai rasit-rasit na lanho, wato haraji, akwai takardar izinin tafiya Kano, akwai kuma katin shaidar kakana, wanda aka rubuta wa shekarar haihuwa ta ƙiyasi, kamar yadda aka yi wa kusan dukkan tsaransa, domin ma'aikaci yakan dubi fuskar mutum ne ya yanke masa shekaru. An rubuta sunan mahaifinsa iri uku a takardu uku, gwargwadon yadda kunnen kowane marubuci ya ji shi. Amfanin waɗannan takardu shi ne sun kafa mini tsani: sun nuna cewa gidan yana wannan unguwa tun lokacin da Zinder, wato Damagaram, ke matsayin babban birnin ƙasar Nijar, daga 1911 zuwa 1926 da aka mayar da mulki Yamai, kuma sun nuna cewa sunan kakana ya shiga jerin waɗanda aka ɗiba aikin dole kafin a soke shi a 1946. Fiye da haka ba su faɗi kome ba, domin Nasara ya rubuta mu ne don ya san kawuna nawa zai karɓi kuɗi a kansu.

Takardun Larabci kuwa sun fi ƙarfin karatuna. Rubutun Barno ne na da, mai kauri, haruffan suna zaune daram, kuma marubutan wasiƙu ba su damu da wasali ba. Saboda haka na ɗauki gafakar na kai wa wani tsohon gwani a unguwar Garin Malam, wanda ya yi shekaru yana rubuta Alƙur'ani da ka. Kafin ya karanta ko kalma ɗaya, sai da ya wanke hannu, ya shimfiɗa buzu, ya zare tadarishin, wato murfin da ke riƙe da ganyayen, sannan ya shiga jera ganyayen. Irin wannan Alƙur'ani ba a ɗinke shi, ganye-ganye yake, kuma babu lambar shafi. Abin da ke riƙe da tsarinsa shi ne kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan bayan kowane ganye, wadda ita ce za ta buɗe ganye na gaba. Da wannan gwanin ya gano cewa an hautsina wasu izifai, ya mayar da kowanne muhallinsa ba tare da ya duba wani littafi ba. Baƙar tawada ce ta ɗauki nassi, ja ta ɗauki wasali, ɗigon rawaya yana tsaye a madadin hamza, a bisa ruwayar Warshu da muka tashi da ita. Da ya ɗaga wani ganye ya saita shi da hasken ƙofa, sai ga siffar jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikin takardar. Daga baya, a sashen tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai, aka bayyana mini cewa irin wannan takarda a arewacin Italiya ake yin ta, ta sauka Tarabulus, ayari ya ratso da ita hamada zuwa ƙasashenmu, kuma an daɗe ana yin ta, don haka tana nuna zamani ne a dunƙule, ba shekara ba.

A ganye na ƙarshe ne labarin gidanmu ya fara motsi. Marubucin ya sa sunansa da na mahaifinsa, ya danganta kansa ga Barno, ya roƙi gafara ga iyayensa da malamansa, sannan ya ce ya kammala a garin Zinder a zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu. Sunan kakan kakanmu ne, babu shakka. Amma Tanimu, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni ya kuma sa aka ƙera igwa a garin, ya rasu wajen 1884, Rabe kuwa bai rushe Kukawa ba sai 1893. Wanda ya zauna ya rubuta Alƙur'ani sukutum a Damagaram a zamanin Tanimu ba gudun Rabe ne ya kawo shi ba. Ya zo ne tun Barno tana da ƙarfinta, lokacin da Damagaram ke aika mata gaisuwa, mutane suna kai da komo tsakanin garuruwan biyu don karatu da fatauci.

Wasiƙun da ke cikin ƙunshin sun ƙara fito da shi a matsayin mutum mai neman abincinsa. Kusan dukkansu na ciniki ne. Bayan doguwar sallama da addu'a, sai a shiga lissafin fatun awaki da aka jeme aka rina ja, da gashin jimina, da takarda da ake jira daga arewa, da bashin da wani mutumin Zango bai biya ba. A wancan zamani Zango ne masaukin ayari da fataken Abzin da Larabawan Tarabulus, Birni kuwa wurin sarauta da malamai, kuma kakan kakanmu yana da ƙafa a kowanne. Da wuri ake lissafin, zambar kaza da keso kaza, kowane keso wuri dubu 20. Na ji daɗin wannan ɓangare fiye da yadda na zata, domin malamin da aka ba mu labari ba shi da wata damuwa sai karatu, shi kuwa wannan na cikin wasiƙu yana fushi idan an jinkirta masa kuɗi, yana kuma ba da haƙuri idan shi ne ya jinkirta.

A can ƙasan ƙunshin, a naɗe cikin wani ƙyalle, muka sami takarda ɗaya mai faɗi da hatimin alƙali a samanta. Gwanin ya karanta ta a zuci har ƙarshe, ya koma farko, sannan ya ajiye ta a kan gwiwarsa ya dube ni.

Ya ce, "Malam, wannan ta rabon gado ce. Kana so in karanta duka, ko in tsaya inda ya isa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, duka na zo ji."

Takardar ta rabon dukiyar kakan kakanmu ce, an yi ta a zamanin Sarki Amadu Kuren Daga, wato tsakanin 1893 da zuwan Faransawa a 1899. An jera littattafansa ɗaya bayan ɗaya, an jera fatu da jakuna da tufafi da wurin da ake binsa da wanda yake bi. Bayan jakunan sai bayi, kowanne da sunansa da ƙimarsa, a cikin layi ɗaya da sauran kaya. Sannan alƙali ya ce wance ba ta cikin abin rabo, domin ta haifa wa mamacin ɗansa wane, saboda haka ta zama 'ya da mutuwar ubangijinta, kuma shaidu sun tabbatar. Wannan ɗa da aka ambata shi ne mahaifin kakana. Uwargida, 'yar limamin da muke alfahari da ita, tana cikin takardar, ta karɓi tumuninta, amma 'ya'yanta mata ne guda biyu. Mu duka da muke ɗauke da sunan gidan ta tsatson waccan baiwa muka fito.

Takardar ta warware mini ɗaya matsalar kuma. An naɗa ƙanen mamacin ya zama mai kula da rabon yaron har ya girma, kuma an siffanta shi da cewa bai daɗe da zuwa daga Kukawa ba. Ashe shi ne ya gudo wa Rabe. Shi ya riƙe maraya, shi ya koya masa karatu, shi yaron ya tashi yana kira baba, kuma da tafiya ta yi tafiya sai bakin mutane ya haɗe wa da ƙane suka zama mutum ɗaya: aka ɗauki Alƙur'anin wan aka rataya wa ƙanen a kan hanyar gudu. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Haka labarin baka yake yi, yana riƙe abin da ya girgiza mutane, yana zubar da abin da ya yi kama da juna.

Cire matar kuwa wani abu ne daban, kuma na so in san ko mantuwa ce. Mutum ɗaya ce ta rage da za ta iya sani, ƙanwar kakana da muke kira Iya, wadda tsufa ya kama ƙafafunta amma bai taɓa hankalinta ba. Na kai mata battar ban ce kome ba. Ta buɗe, ta zazzage a kan zanenta: mazari wanda hannu ya goge har yana sheƙi, munduwa ɗaya ta tagulla, 'yan ƙwayoyin tsakiya, da riyal na azurfa da aka huda aka sa masa zare.

Ta ce, "Wa ya ba ka kayan tsohuwa?"

Na ce, "Iya, wace tsohuwa ke nan?"

Ta ce, "Kakarmu mana, ta ɗakin baya. Ai kun san ta, sai dai ba a ce ku kira ta ba."

Daga nan ta yi ta magana har la'asar ta yi sanyi. Ta riske ta tana ƙaramar yarinya. Doguwa ce, zanen fuskarta ba irin dogayen layukan Barebari ba ne, kuma idan tana kaɗi takan yi wata waƙa da harshen da babu mai jinsa a gidan. Ta gaya wa jikokinta cewa tana yarinya mahaya suka ɗauke ta a bakin rafi tare da ƙanenta, aka raba su a wata kasuwa, ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Da kuɗin zarenta ta sayi munduwar, kuma ita ta ce kayan su riƙa bin 'ya'ya mata, kada a sa su cikin gado. Matan gidanmu, ashe, sun san wannan duka. Suna faɗa wa juna a ɗakin mai jego da wajen daka, suna miƙa battar daga hannu zuwa hannu, mu maza muna zaure muna maimaita labarin 'yar limami.

Riyal ɗin ya so ya ruɗe ni, domin an buga masa shekarar 1780 kusa da hoton gaggafa mai kai biyu, ɗaya gefen kuma fuskar wata mace ce, har wani ɗan'uwana ya fara cewa ga shaida gidanmu ya haura shekara 200 da arziki. Kuɗin sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ne, wadda ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka buga bayan mutuwarta wannan shekarar ake sa masa, saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da na Afirka ba su yarda da wanda aka sauya wa kama ba. Ba ya nuna shekara. Abin da ya nuna shi ne abin da Iya ta faɗa, cewa shi ne kyautar da kakan kakanmu ya ba tsohuwar ranar sunan ɗanta.

Gafakar da ke wofi ita ma ta sami bayani a wata 'yar takarda mai ɗauke da shekarar 1332 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1914, shekarar yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba. Mahaifin kakana ya jinginar da littattafan ubansa don ya karɓi hatsi, kuma babu alamar an fanso su. Alƙur'anin kaɗai ya hana. A wannan tsakanin ne kuma jirgin ƙasa, wanda ya fara aiki zuwa Kano a 1912, ya janye cinikin fata daga hanyar hamada zuwa kudu, 'ya'yan ƙanen nan mai gudun Rabe suka bi kasuwa suka koma Kano, zumunci ya yi ta tsinkewa har ya zama sai labari.

Da na kai wa ƙanen mahaifina, wanda shi ne babban gidan a yanzu, abin da na samo, ya saurara har na gama bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Ɗana, garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Kana da 'ya'ya mata, ni ma ina da jikoki. Ka san abin da ake tambaya idan an zo binciken aure a garin nan."

Na ce, "Baba, shari'a ta riga ta yanke. Ɗan da uba ya haifa da baiwarsa ɗa ne, nasabarsa ta ubansa ce, kuma sarakuna da yawa a ƙasar Hausa da Barno haka aka haife su."

Ya ce, "Shari'a ta yanke, amma bakin mutane bai yanke ba."

Ban raina maganarsa ba, domin gaskiya ce ya faɗa game da garinmu. Faransawa sun haramta cinikin bayi a 1905, dokar Nijar ta mayar da bautarwa babban laifi a 2003, amma har yau akwai gidajen da ake fasa aure da su saboda raɗar da wata tsohuwa ta yi a kan kakar kaka. Tsoron Baba na 'yan matan gidan ne, ba na kansa ba. Inda na saɓa da shi shi ne a kan wanda abin kunyar ya hau. Yarinyar da aka sato daga bakin rafi ba ta yi laifin kome ba. Idan akwai abin da zai sa mu sunkuyar da kai a cikin waccan takarda, to layin da ke sama da sunanta ne, inda malamin da muke taƙama da shi ya mutu ya bar mutane a lissafi ɗaya da jakuna. Dukiyar Damagaram ta wancan zamani, da ganuwarta da dawakinta, da yawanta a kan wannan ciniki ta tsaya, kuma gidaje kaɗan ne a Birni da za su buɗe adakarsu su tarar hannunsu bai taɓa shi ba ta ɗaya daga cikin fuskokin biyu. Mu mun tarar da kanmu a duka biyun.

Mun daɗe ba mu daidaita ba, kuma Iya ce ta raba gardamar, da ta aika aka kira Baba ta ce masa ita ba za ta mutu ta bar kakarta babu suna ba alhali nononta ne ya rayar da gidan. Abin da aka tsayar shi ne, na rubuta salsalar gidan da boko da ajami, na raba wa da ƙane kowa a gurbinsa, na sa sunan tsohuwar a matsayin uwar mahaifin kakanmu, na sa uwargida tare da 'ya'yanta mata. Sharaɗin Baba shi ne kada hoton takardar alƙali ya shiga waya ya yi ta yawo a WhatsApp, duk ɗan gidan da ke son gani ya zo ya gani da idonsa. Na amince, kuma shi ya sa na ɓoye sunaye a wannan rubutu. Tun daga azumin da ya biyo baya, idan an yi saukar Alƙur'ani a gidan ana ambatonta cikin waɗanda ake yi wa addu'a, kuma Baba da kansa ne ke ambata.

Takardun yanzu sun bar adakar ƙarfe, wadda ke tara zafi da laima. Na ɗauki hoton kowane ganye gaba da baya, na sa farar takarda tsakanin waɗanda suka fara manne wa juna, na hana a liƙa musu salatif ko a rufe su da roba, domin duka biyun suna cin tawada. Battar kuwa na mayar da ita hannun mata, tana wajen babbar 'yar gwaggona. Ta hanyar wani mai sayar da fata da ke zuwa Kasuwar Dole ta garinmu daga Kano na sami jikokin ƙanen nan mai gudun Rabe, suna zaune a Fagge, kuma sun ce su ma suna da ƙunshin wasiƙu da ba su taɓa samun mai karanta musu ba, har da waɗanda aka aiko daga Damagaram. Mun yi alkawari bayan babbar salla za su zo da su, gwanin Garin Malam ya gwada hannun rubutun da namu, mu ga ko a cikinsu akwai wadda ta ambaci kasuwar da aka sayi tsohuwar da kuma inda aka kai ƙanenta.